Goben Baffa Ilu

Ranar wata Laraba ce, a tsakiyar daminar da na yi famfara, tun Nasara bai san hanyar Haɗeja ba. Ni da ƙanwata Ladi muna korar tsuntsaye a gonar geronmu da ke bakin fadama, sai ƙafata ta zurma cikin rami a jikin jinga, tudun ƙasar nan da ake tarawa don tare kogi idan ya cika. Gafiya ce ta haƙa shi, ya ɓulle har ɗaya gefen. Muka sheƙa gida, Ladi na biye da ni tana haki, muka faɗa wa Inna.

Babanmu ya bi ayarin kanwa zuwa Barno, ya bar gonar a hannun ƙanensa, Baffa Ilu. Ita ce abincinmu na shekara, kuma da ita Inna take kare Ladi. Goggonmu ta Birniwa ba ta taɓa haihuwa ba, ta daɗe tana naci a ba ta yarinyar riƙo, Inna kuwa amsarta ɗaya ce: "Muddin akwai hatsi a rumbuna, 'yata ba ta zuwa ko'ina."

Baffa Ilu ba mugu ba ne, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai har yau. Mutum ne mai fara'a, ga ƙarfi, amma gindinsa ya saba da tabarmar gindin tsamiya inda ake dara. Da Inna ta aike ni, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Je ki ce mata gobe da sassafe." Gobe ta zo, ya ce ƙotar fartanyarsa ta yi sako-sako. Ya zauna gyaranta, ya ga masunta sun dawo da tarwaɗa, ya bar ta ya tafi kallo. Jibi kasuwa, gata suna a maƙwabta. Kai, wannan bawan Allah! Aikin da bai wuce kwandon laka kaɗan da tattakawa ba.

Da Inna ta gaji, ta ɗaure tsohon cikinta da zane, ta ɗauki ƙwarya, muka bi ta da ƙoƙunanmu. Mun fara ɗibar laka ke nan sai ga shi a guje, ranar ce kaɗai na ga ya yi sauri. "Haba matar yaya! Ina raye mace ta yi mini jinga? Me za a ce da ni a gari?" Ya karɓe ƙwaryar, ya nuna mana sama tangaran, ba ko ɗigon hadari, ya ce ina gaggawar take. Alhali ko yaron goye a ƙasarmu ya san ruwan da ke cika kogin nan can yamma ake zuba shi, wajen Kano, sai dai kawai ka gan shi ya iso.

Haka kuwa ya iso, da rana tsaka, muna wasan 'yar carafke a ƙofar gida. Ta ramin gafiyar nan ya fara tsiyaya, kafin la'asar jinga ta ɓalle. Na tsaya kan tudu ina kallon kawunan geron da ya kusa girbi suna nutsewa. Baffa Ilu na cikin ruwa har ƙugu, riƙe da fartanyar da har lokacin bai gyara ba, yana salati yana cewa ƙaddara ce. Wallahi na ji kamar in jefe shi da hoge.

Kafin sanyi ya shiga, rumbu ya koma fayau. Goggo ta zo da jaki da taikin dawa, ta koma da Ladi. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ta dai ƙulle mata guntun ƙuli-ƙuli a gefen zane. Can Ladi ta girma, can ta yi aure, ban sake ganinta ba sai da furfura a kanta, tana gaishe ni kamar baƙuwa.

Yanzu jikokina ke noma gonar, jingar ta fi ta da tsayi. Suna yi mini tsiya wai Kaka masifa, don da na ji ɗayansu ya ce "gobe" sai in lalubi sandata. Su yi ta dariya. Ba su san cewa akwai wadda ya kamata a ce tana zaune kusa da ni a tabarmar nan ba.