Ranar da Kawu Peni Ya Tare wa Talabijin Rana

Jama'a, a matsa gefe, a ba babba hanya! Ga Penisimani Kaufana nan, ɗan tsibirin Vava'u, basaraken gareji na unguwar Mount Druitt, direban motar ɗaga kaya wanda ya shekara ashirin da huɗu a sito bai fasa ko kwalba ɗaya ba, mai muryar da in ya ja waƙa a coci sai tagogi sun amsa. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma a wurinmu 'yan Tonga duk abin da ɗan 'yar'uwa ya faɗa a kan kawunsa ya ci bulus. To zan faɗa.

Ya sauka Sydney da jaka ɗaya da takalmin aro. Ya auri Lesieli, suka haifi biyar, ya sayi gida mai gareji. Mota ba ta taɓa kwana a garejin nan ba. Tabarmi ne a ciki, da ƙaton akushin kava a tsakiya. Kowace Asabar maza su kewaye shi, a naɗe ƙafa, a sha jiƙon saiwar nan mai kashe leɓe, a shara ƙarya. Ƙofa kuwa a wangale, domin rufe ta ana shan kava daidai yake da ce wa mai wucewa ba a son ganinsa.

Babba a zaman shi ne surukinsa, Baba Taniela, ɗan shekara tamanin da ɗaya. Wurinsa jikin bangon dama ne, kuma ko gobara ba za ta tashe shi ba. Tun ranar ɗaurin aure bai taɓa kiran Peni da suna ba. "Mijin Lesieli" kawai, kamar wata alamar kanti.

Sai ga labari: an zaɓi Filipe, autan Peni, a ƙungiyar matasa ta zari-ruga, kuma za a nuna wasan a talabijin ranar Asabar. Baba Taniela, wanda yanar ido ta fara dushe masa gani, ya dubi tsohuwar talabijin da ke kan firji ya ce, "Ni a nan tururuwa nake gani tana bin ƙwayar shinkafa. Wanne ne jikana?"

"Baba, da za ka ɗan matso gaba..." in ji Peni.

"Ni zan tashi wa akwati? Akwati ya taso."

Peni ya shiga lissafi. In tsohon nan bai ga yaron da idonsa ba yanzu, wa ya san baɗi? Ya auna daga kusurwar da za a sa talabijin zuwa wurin Baba: taku huɗu, sannan biyu zuwa gefe. Ya naɗe tabarma ya nufi kanti.

Mai sayarwa, wani siririn Bature mai suna Darren, ya nuna masa kujera mai laushi a gaban jerin talabijin. Peni ya wuce kujerar, ya yi taku huɗu, biyu gefe, ya shimfiɗa tabarmarsa a tsakiyar kantin mutane, ya naɗe ƙafa.

"Yallaɓai, lafiya? In kawo ruwa?"

"Kawo ƙwallo. Sa ta a cikin waccan."

Ta farko siririya ce kamar faifai, Darren na ta kuranta ta. Daga kujera aljanna. Daga ƙasa kuma a gefe, 'yan wasa suka koma fatalwa, ciyawa ta yi toka-toka.

"Wannan ta masu kujera ce," in ji Peni. "Mu ƙasa muke zama. Sa wata."

Haka ya yi ta jan tabarma daga wannan zuwa waccan, yana kanne ido ɗaya don ya gani irin ganin Baba, masu sayayya na tsallake ƙafarsa. A gaban wata filasma mai inci hamsin ya daina motsi. Ya kwanta ta gefe, hoto bai dushe ba. Baƙi baƙi ne wuluk, ƙwallo na gudu ba ta barin jela, har zufar goshin ɗan wasa ya gani.

"Ita ce. Ɗaure mini."

"Kada a kwantar da ita a mota, yallaɓai, gilashi ne."

A tsaye aka kawo ta cikin motar coci, ƙarti biyu na rungume da ita, Peni na tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali.

Abu ɗaya bai gwada ba. A kanti babu rana.

Asabar ƙarfe uku gareji ya cika har titi, mata sun jera tukwanen gwaza da naman gwangwani cikin madarar kwakwa. Aka kunna. Kowa ya yi shewa, ban da Baba Taniela. Ya karkata kai, ya daɗe yana kallo.

"Mijin Lesieli, wannan abin naka madubi ne? Ni dai ga motar maƙwabci, ga kuma ɗan kamfanka a kan igiya."

Gareji ya fashe da dariya. Peni ya tsuguna gefen tsohon, ya duba. Rana ta shigo ta ƙofa ta kwanta kan gilashin, kuma daga wurin Baba kaɗai take kashe hoto. 'Yan wasa sun riga sun fito fili.

Wani ya ce a rufe ƙofa. Baba ya harare shi har ya haɗiye sauran maganar.

Peni ya fizgi tabarmar nan tasa ta kanti, ya fita waje, ya tsaya inda rana ke ɓullowa, ya ware hannuwa ya ɗaga ta sama. Mutum ne mai faɗin ƙofar sito. Inuwa ta rufe gilashi, ƙofa tana nan a buɗe.

"Yawwa!" in ji Baba. "Ga yaron! Ga kunnuwansa!"

Da aka tafi hutun rabin lokaci Lesieli ta kawo igiya a ɗaure tabarmar. Baba ya ɗaga hannu. "Kada a taɓa komai. Muna ci. Kowa ya tsaya inda yake."

"Baba, hannunsa fa..."

"Ba kaya yake ɗagawa a wurin aiki ba?"

"Mota ce ke ɗagawa, Baba!"

"To yau ya koya."

Haka Peni ya ƙare wasan ɗansa yana kallon saƙar tabarma, zufa na bin gwiwar hannunsa. Da kunne ya bi komai. Saura kaɗan a tashi ya ji gareji ya ɗauka da sowa, ya ji akushi ya kife, Filipe ya ratsa mutum biyu ya dangwala ƙwallo bayan layi, wato ya ci. Cikin hayaniyar sai ga muryar tsoho, sama da ta kowa:

"Penisimani! Penisimani, zo ka ga ɗanka, za su maimaita!"

"In na zo ba za ka gani ba, Baba."

"Gaskiya ne. Tsaya nan."

Ya tsaya. Amma wanda ya leƙa bayan tabarmar ya ga haƙora talatin da biyu a waje.

Washegari na same shi yana kafa rumfa a bakin gareji, hannunsa ko guduma da kyar yake ɗagawa. Na ce, "Kawu, duniya za ta ji labarinka. Gwarzon da ya yi kokawa da rana! Me za ka ce wa jama'a?"

Bai ko waiwayo ba.

"Ka taka mini ƙusa. Matsa."