Sarkin da Ya Kama Igiya Biyu

Shekarun da kakarmu Inna Delu ta yi da mu a Gaithersburg, abu ɗaya ta yarda Amurka ta fi Zariya da shi: murhun falonmu, wanda ake danna maɓalli wuta ta tashi ba hayaƙi. In sanyi ya shigo, da an idar da magariba sai ta miƙe ƙafafu a gabansa, ta kira ni da ƙanwata Bilki, ta buɗe tatsuniya da cewa:

"Ga wata nan tafe, wa zai yi mata shimfiɗa?"

Mu amsa da karyayyiyar Hausarmu, ta ce ko aku ya fi mu iya baki.

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta sarkin da ya faɗa rijiya. A zamanin daular Sakkwato ne, in ji ta, lokacin da kowane basarake ya san wurin zamansa a fada da iyakar aikinsa. Madawaki ke jan mayaƙa, Galadima ke riƙe gari, Waziri kuwa nasa ba da shawara.

Sarki na cikin ruwa har wuya, manya suka kewaye bakin rijiya. Madawaki ya ce ceton sarki aikin mayaƙa ne. Galadima ya ce rijiyar a cikin ganuwa take, ba mai taɓa ta sai shi. Aka juya ga Waziri, ya gyara rawani ya ce wannan magana sai da hukuncin sarki.

Nan Inna takan toshe hanci ta kwaikwayi muryar da ke fitowa daga ƙasa: "Hukuncin shi ne ku fid da ni, 'yan banza!"

Sai Madawaki da Galadima kowa ya jefa tasa igiyar. Sarki ya san in ya kama ɗaya ya ƙasƙantar da ɗayan, gobe gari ya rabu biyu, saboda haka ya kama duka. Mutanen Madawaki suka ja gabas, na Galadima suka ja yamma. Haka ya fito a baje kamar fatar da aka shanya, wandonsa kuwa rijiya ta riƙe.

Da ya huce, sai ya naɗa Sarkin Rijiya. Bilki ta tambaya da Turanci ko shi ke nan an huta.

"Ina fa, 'yar nan! Washegari aka fara rigimar ko gaban Galadima zai zauna ko bayansa."

A lokacin wandon kawai nake wa dariya. Bara aka ba ni shugabancin ƙungiyar mutanenmu da ke taruwa a Landover, da mataimaki da sakatare waɗanda ba sa ga maciji. Kowa ya kawo nasa tsarin walimar Sallah, na karɓi duka biyun, aka dafa shinkafar da har maƙwabta suka gaji da ita. Ina tsaye tsakanin tukwanen ne na gane wanda Inna take tausaya wa: wanda ke saman kowa, shi ne ba shi da ikon sakin igiya ko ɗaya.