Busar Haye

Na haura hamsin da biyar lokacin da na sayi saksofon na hannu, wani abin busa na Turawa, a kasuwar Maigatari, wajen wani tsohon sojan badujala daga Damagaram. Na yi ritaya, zaman gida ya ishe ni, shi ke nan dalilin.

Babu malami, sai bidiyo a waya. Maƙwabtana a Gumel suka ce kullum akuya nake yankawa, don haka na koma gonata a hanyar Sule Tankarkar. Bayan la'asar in ɗaure akwatin saksofon ɗin a bayan babur, in zauna ƙarƙashin gawo in yi ta fama. Shekara uku, waƙa biyu na iya, ta biyun ma da ƙyar nake kai ta ƙarshe. Amma duk rayuwata ban taɓa koyon abu don kaina ba sai wannan.

Sai wani saurayi daga Gagarawa ya fito neman auren autata, ita kuma tana son shi ƙwarai. Danginsa suka shiga binciken asali, aka tsegunta musu cewa uban yarinyar mabushi ne. Kawun saurayin ya zo har zaurena, muka sha gaisuwa, sannan ya sunkuyar da kai.

"Alhaji, a gafarce ni. Busar nan, gado ce ko haye?"

Na ce haye ce, kakannina manoma ne, kowa ya sani.

"To da sauƙi," in ji shi. "Abin da aka ɗauka da hannu, ana iya ajiye shi."

Wallahi raina ya ɓaci. Da furfurata za a zo a faɗa min abin da zan sa a bakina? Na shiga gida ina huci. Autar tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ita kaɗai ce ba ta taɓa yi min dariya ba, har gona takan bi ni ta saurara. Na zaci za ta goyi bayana.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Baba, don Allah."

Washegari na naɗe akwatin da tsohon zani na ɗora a kan durowa.

An ɗaura aure, yau wata tara ke nan, babu mai hana ni sauke shi. Da autar ta zo ganin gida ta ce in busa mata. Na ce na manta yadda ake yi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tashi ta je ta ɗora min shayi.