Kalandar Kansila

Ni mai hoto ne, ko in ce na taɓa zama, kafin duk mai waya a aljihu ya zama mai hoto. Shagona yana Gyadi-Gyadi, tsakanin mai faci da wani Bayarabe Kirista mai injin buga takardu. Makaranta a aji biyu na sakandare na ajiye ta, kuma har yau ban ga abin da waɗanda suka ƙarasa suka fi ni da shi ba in ban da tumbi.

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki, duk mai babbar riga ya zama ɗan takara. A layinmu ma an samu guda, dillalin filaye, yana neman kansila. Alhaji kowa ke ce masa, har da ni, duk da tare muka yi wasan ƙasa. Bayaraben nan ne ya kitsa masa cewa fosta kowa na yi, ruwa ɗaya ya wanke ta. Ya yi kalanda irin ta banki, mai duwatsu da abincin gargajiya da sana'ar hannu, mutane su rataye a ɗaki su shekara suna kallon sunansa. Alhaji ya kira ni ya ce in je in ɗauko hotunan. In kalanda ta yi kyau, kuma ya ci zaɓe, ni ne mai hotonsa a ofis, da albashi. Ina da mata da yara a lokacin, ban taɓa karɓar albashi ba. Na so in ji yadda abin yake, a ce wata ya mutu a kira ka a ba ka, ba sai wata ta haihu ba.

Na ce to ga Dala da Gwauron Dutse nan a cikin gari. Bayaraben ya ce, "Mai hoto, waɗannan ai ƙuraje ne. Dutse nake faɗa maka."

Akwai wani direba a Darmanawa, mutumin wajen Riruwai, shi ya ɗauke ni zuwa ƙauyensu. Fim ɗaya Alhaji ya saya mini.

Ba zan yi ƙarya ba, duwatsun suna da kyau. Ƙarshen damina ne, sun yi shar da ciyawa, ruwa na gangarowa ta tsagar wani, gajimare ya zauna a kan mafi tsawonsu kamar ya manta inda za shi. Ni da na saba kowane layi na bi bango ne a ƙarshensa, sai na tsaya ina kallo har wuyana ya sage.

Ina fito da kyamara sai ga mutane. Kafin in gama saitawa maza sun jeru a gabana, hannu a ƙirji, fuska a murtuke. Aka kawo wa mai unguwa kujera ya zauna a tsakiya.

Na ce, "Baba, dutsen nake so in ɗauka."

Ya waiga ya dubi dutsen, ya dawo ya dube ni. Ya ce, "Shi ya ce ka ɗauke shi?"

Na ce a'a.

"To in ka wanke, wa za ka ba?"

Baƙo ne ni, a tabarmarsa zan kwana. Na ɗauke su. Da suka tashi wasu suka jeru, waɗanda suka je canza riga. Dutsen yana nan ta bayan kafaɗunsu, in mutum ya nema.

Daga nan direban ya kai ni gidan goggonsa, maginiyar tukwane. Mun same ta zaune a ƙasa, hannu cikin yumɓu har gwiwar hannu, tana zagaya wata randa da tafinta, rana na shigowa ta gefen zana tana sauka daidai kan bakin randar. A shekarun da na yi ina sana'ar nan ban taɓa ganin hoto ya haɗa kansa haka ba. Na ɗaga kyamara ke nan sai direban ya ce, "Goggo, hoto za a yi miki, za a kai Kano."

Ta miƙe ta shige ɗaki. Muka zauna. Da ta fito ta yi wanka, ta sa kwalli, ga sabuwar atamfa ko karin ninki bai fita ba, ga agogon aro wanda ba ya tafiya. Kafin nan maƙwabta sun kwashe tukwanen sun kai bayan rumbu, sun share tsakar gida, sun jera kwanonin samira inda za ta tsaya.

Na ce, "Inna, tukwanen nake nema, da ke kina aiki kamar ɗazu."

Ta ce, "Ka kai ni birni da taɓo a jiki? Uwarka haka ka ɗauke ta?"

Hoton uwata yana rataye a shagona, da sarƙar aro a wuyanta, ni na aro mata. Na ce Inna ta ɗan ɗaga haɓa, na ɗauka.

Abinci kuwa faten tsaki ne da yakuwa, na hango shi a akushi yana tururi, an yaryaɗa man gyaɗa. Da aka ji shi ma hoto za a yi masa, aka juye shi a sabon kwano aka rufe, aka ɗora faifai a kan murfin. Na ɗage, wata ta miƙo hannu ta mayar. Ta ce ba a kai wa baƙo abinci a buɗe, balle mutanen Kano gaba ɗaya. Na ɗauki murfin. Faten dai na ci, har na nemi ƙari, kuma ban sake cin irinsa ba.

Da safe hoto ɗaya ya rage a fim. Na ɗauki buta, na cusa kyamara a cikin riga, na nufi bayan gari. Can ne kawai ba a raka mutum. Na ɗauki dutsen shi kaɗai, da gajimarensa.

Na wanke hotunan muka baje a teburin Bayaraben. Alhaji ya zo da 'yan rakiyarsa. Ya ɗaga na farko.

"Su wane ne waɗannan?"

"Mutanen ƙauyen ne, Alhaji."

"Suna da ƙuri'a a Tarauni?"

"Ba su da ita."

"To ni zan buga musu kalanda?"

Ya ɗaga na murfi ya ce akwai irin kwanon a gidansa. Ya ɗaga na maginiyar ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan kuma wace kujera take nema?" 'Yan rakiya suka yi dariya, aikinsu ke nan. Bayaraben ya zaro na dutsen daga ƙasa ya ce wannan zai yi. Alhaji ya ce babu laifi, amma a sa shi Alhajin a ciki, kada mutane su zaɓi dutse.

Kalanda ta fito. Kan Alhaji ne a tsakiya, hularsa ta rufe ƙololuwar da gajimaren. Ta gefen kunnuwansa ana ɗan ganin kore.

Ya ci zaɓe. Na bari hayaniya ta lafa, na sa rigata mai guga na je gidansa. Na yi masa murna, na tuna masa maganar ofis. Ya ce bai manta ba, amma ya yi tunani. Mutumin da ya kasa cewa 'yan ƙauye su matsa gefe, yaya zai yi da manyan baƙi a taro? Ya riga ya ba ƙanin matarsa aikin, mai bidiyo ne. Ya sa aka ɗauko mini kalanda guda, ya ce in kai wa iyali.

Na naɗe ta na fito. Washegari akwai suna a Babban Giji, na goge kyamara na tafi da wuri, don in an raba waina ba a ajiye wa mai hoto.