Injiniya Sanni da Tsohuwar Kwamfutarsa

A unguwar Akwatialine ba wanda ya ba Sanni sunan Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, ranar da wansa ya aiko masa da tsohuwar kwamfuta daga Italiya, shekara tara ke nan. Tun daga ranar ya daina taya babansa ɗaurin goro a Alabar, wai hannun da ke rubuta C++, yaren kwamfuta, ba ya taɓa ganye.

Ba a hana shi ba, ya iya wani abu. Yana rubuta manhaja guda da za ta karɓi kowane irin kaya, goro ko shanu ko atamfa, ba sai an sake rubutu ba. Ciwonsa ɗaya: bai taɓa gwada aikinsa a wata na'ura ba sai tasa. Kwamfailar cikinta kuwa, wato mai duba rubutu kafin ya zama manhaja, tsohuwa ce mai kawar da kai, kamar kakar da jika ba ya laifi a gabanta.

Da wani kamfani a Sofoline ya nemi ma'aikaci ɗaya, Sanni ya gama shelar ya samu tun ba a kira shi gwaji ba. Mahaifiyarsa Uwa har ta dafa shinkafa da wake ta raba sadaka.

Latifatu 'yar kawunsa, wadda ita ma sana'arta ke nan, ta leƙa rubutun manhajar da zai kai gwajin.

"Yaya, nan kana kiran aiki daga nau'in da ba a san shi ba tukuna. Sai ka sa kalmar template a gaba, in ba haka ba sabon kwamfaila zai ƙi kraa, sam-sam."

"Nawa bai taɓa ƙi ba," in ji shi. "Ke yaushe kika fara koyo?"

Ran gwaji aka ce ya ɗora aikin a na'urar kamfani. Jajayen layukan kuskure suka cika allo. Injiniya ya jiƙe da zufa. Maganar Latifatu ta faɗo masa, amma da yake ran nan bai tsaya ta nuna masa wurin ba, sai ya yi ta cusa kalmar ko'ina. Bayan minti ashirin aka ce an gode.

A tsakar gida ya tarar da Uwa tana jira, maƙwabta biyu a gefenta.

"Yaushe za ka fara?"

"Kwamfutansu ne ba shi da kyau, Mma."

Ta dube shi da tausayi, domin ta yarda har zuciya.

"To ka kai musu naka mana, ɗana."

Kunya ta hana shi ɗaga kai. Yana nan har yau a bencin masu shan shayin ataya, kwamfutar a cinya. Ita da Uwa ne kaɗai ba su taɓa ce masa ya yi kuskure ba.