Ranar da Muka Gano Kabarin Inna

Wata Juma'a bayan Babbar Salla ta shekarar 2013, Kawu Sale ya loda mu a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, muka bar unguwarmu ta Misfala a Makka muka yi kudu. Kaka Hauwa tana gaba, mu jikoki muna baya da jarkar ruwa da dabino. Kabarin Inna, mahaifiyar Kaka, muka fita nema. Kaka tana yarinya suka taso daga Kano a ƙasa, suka ratsa Sudan, suka haye teku, sai Inna ta rasu ana dab da isowa Makka. Aka binne ta a wani kwari, aka tara mata duwatsu saboda kuraye. Yanzu idanun Kaka sun tafi, ta kuma ce ba ta son ta mutu ba ta sake tsayawa a wurin ba.

Mu 'yan lungu ne, ina muka san kwari? Aikinmu shanya a saman gida, da kai masar da Kaka ke toyawa titin Mansur, da wasan igiya in rana ta yi sanyi. A wasan nan Kaka ta tilasta mana rera wasu sunaye a jere: "Rijiyar Gishiri, Ƙaya Uku, Dutsen Raƙumi, Kwarin Inna." Larabci ya fi zama a bakinmu, muna rerawa ne kawai kamar aku. Wanda ya birkita jerin kuwa, ranar ba shi ba masa. Ni a lokacin mugunta na ɗauke shi.

Da muka yi nisa, taswirar wayar Kawu ba ta tsinana komai ba, don alhazan ƙasa ne suka raɗa sunayen, babu allon da ya san su. Zafi ya ruɗa Kaka, jerin ya ɓace mata, ta fashe da kuka. Kawu ya ce, "Halas, shi ke nan, Hajiya, mu koma gida." Ni kuwa da taurin kaina sai na fara rerawa, sauran suka kama. Wani makiyayi ya nuna mana tsohuwar rijiya, Kawu ya ɗanɗana ruwan ya tofar: gishiri zalla! Gaba muka tarar da itatuwan ƙaya biyu da kututture, sannan dutse mai tozo. Bayansa ga kwarin, cike da tarin duwatsu.

Kaka ta durƙusa tana lalube da tafin hannu, tari bayan tari, har ta dafa ɗan dutsen niƙan Inna, sumul, wanda ita ta ɗora da hannunta. Ta ce, "Inna, ga ni, ga jikoki na kawo miki." Muka ɗauki kabbara har kwarin ya amsa. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba. A hanyar dawowa Kawu ya ɗauki muryarta a waya, tana faɗin kowane suna a mazauninsa.

Yanzu Kaka ta rasu, an rushe lungunmu, kwalta ta kusa kaiwa bakin kwarin. Nakan je cikin mota mai sanyi, kafin in gama addu'a na isa. Amma mu da muke wucewa a guje, ba mu taɓa raɗa wa ko dutse ɗaya suna ba.