Injin da Ba Ya Nishi

Na daɗe ina sayar da injin ban ruwa a Sabon Birni. Da tallan tiyo na fara a kasuwar Isa, har Allah ya ba ni shago. Ban taɓa kwance inji da hannuna ba, don rumfar makanike tana jikin bangon shagona, kuma tare muka tashi da makaniken tun muna yara. Ni in sayar, shi ya gyara. Da kunne yake aiki. Manomi zai sauke inji daga babur ya ja igiya, shi kuma ya karkata kai ya saurara kaɗan, sai ya ce fulogi ne, ko mai ne ba ya wucewa. Da wuya ya kuskure.

Da fetur ya yi tsada, masu fadama suka fara rage shuka albasa. Na je Kano na ga injin da ke aiki da hasken rana, wato sola, na ga yadda manoman can suka rungume shi, na ɗauko guda shida. Abin da ban lura da shi ba, a can duk inda ake sayar da shi akwai wanda ya koyi gyaransa a kusa. Ni injin kawai na ɗauko.

Uku suka fita. Na farko da ya tsaya na wani dattijo ne daga Unguwar Lalle. Abokina makaniken ya shimfiɗa faifan solar a rana, ya haɗa wayoyi, ya tsuguna ya kara kunnensa a jikin akwatin injin. Ya daɗe a haka.

Na ce, "Malam, mi ya ce maka?"

Ya ce, "Alhaji, wanga abu bebe ne. Ka kawo mini mara lafiyar da ba ya nishi."

"Ko dai likitan ne ya kurumce?"

Bai yi dariya ba. Dattijon ya ɗaure kayansa ya koma, albasarsa ta bushe a makon. Na kira masu gyara a Sakkwato, suka ce ba za su bi hanyarmu ba a halin da take ciki. Ban ga laifinsu ba.

Ni na matsa masa ya tsallaka Maraɗi, inda ake koyar da aikin sola, ya yi wata uku ya dawo. Ya ce da furfurarsa zai koma ɗalibi? Na ce in bai je ba, ni da shi duk sai mu nemi wata sana'a. Ya ce, "To, za ni tafi, amma don kai ne."

Wata uku ya zama shida. Da na kira shi na ce ya dawo haka nan, sai ya ce, "Alhaji, nan ko zama ba na samu. Rijiyoyi, gonaki, asibitin ƙauye, ko'ina sola ne. Can gida injin sola guda nawa gare mu?"

Shi ma ya san amsar. Manoma sun ƙi saye tunda babu mai gyara, mai gyara ya ƙi zuwa tunda babu na gyarawa. Da ni ne a matsayinsa, abin da za ni yi ke nan. Sau biyu ya zo. A zuwa na biyu ya ɗauki iyalinsa.

Ukun da suka rage na aika masa da su, kuma kafin mako ya ce an saye. Na koma sayar da na fetur, su ma yanzu in sun lalace sai dai a kai Isa.

Har yau in an kawo abincin rana daga gida, na mutum biyu ne, kamar lokacin da muke ci tare da shi. Uwargida ta saba zubawa haka, ni kuma ban ce ta rage ba. Ina cin abin da na iya, sauran in miƙa wa duk wanda ya fara wucewa.